Ruwan Tsamin Inna

Mahaifiyata Shetu, wadda duk unguwarmu a Salaga ke kira Inna, ta haura shekara tamanin da biyar tana daka da hannunta. Haƙoranta huɗu kawai suka zube. Ta binne mijinta da ƙannenta duka, da 'ya'ya biyar cikin bakwai, har ya rage daga yayata Asiatu da ke aure a Yendi sai ni Zuberu, autanta. Idan aka tambaye ta inda ta samo wannan ƙarfi, takan ce nufin Allah ne, sannan ta nuna wata baƙar tukunya da ke bayan ƙofar ɗakinta.

Ruwan tsami ne a ciki. Kowa a Salaga ya san yadda ake koko: a jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari, a tace, a bar ƙullun ya kwanta, ruwan da ya taso sama ya yi tsami. Abin da ya raba Inna da sauran mata shi ne ba ta taɓa barin nata ya ƙare ba. Kullum sai ta rage ludayi biyu a gindin tukunya ta zuba sabon ƙullu a kai. Iri take kiransa. Ta ce daga uwarta ta karɓa, uwar kuma ta zo da shi daga Katsina cikin ayarin fatake. Shekarar yaƙin Salaga, da gari ya watse, ta gudu da ni a goye da gora guda ta wannan ruwa a hannu, ta bar tasoshinta da akwatin kayanta. Kowace safiya kafin ta ɗora komai a wuta takan sha moɗa guda, ɗanye. Ba a wanke tukunyar, kuma ba mai taɓa ta sai ita.

Ni kuwa ta wajen 'ya'ya Allah ya jarrabe ni. Matata Asana ta haifa mini maza biyu, Amidu da Yusif, dukansu gudawa ta ɗauke su kafin su cika shekara uku. Sahadatu ce ta rage. Tun da aka haife ta ban ƙara zama a rumfar doyata da kwanciyar hankali ba. In na ji ta yi tari da safe sai in kasa ciniki, in koma gida kafin azahar, har abokan kasuwa suna tsokanata wai ni ne uwar.

A farkon damina, shekarar da Turawa suka fara ɗibar samari soja karo na biyu, gudawa ta kama Sahadatu. Tana da shekara biyar. Cikin kwana biyu idanunta suka faɗa. Na shigo da hantsi na tarar da ita a cinyar Inna, Inna na ba ta ruwan tsami da ƙaramin ludayi.

"Buɗe bakin, 'yar rigima," in ji Inna. "In kin mutu wa zai riƙa sace mini ƙuli-ƙuli?"

"Yana da tsami," yarinyar ta ce.

"Ke ma ai tsami gare ki, ga shi ban yar da ke ba."

Na ɗauke ta na saɓa a kafaɗa sai wurin Malam Mikaila, ma'aikacin ɗakin magani, wani mutumin zangon Kumasi mai yawan magana. Ya ba da wani farin magani, ya ce a riƙa tafasa mata ruwa. Ya ga alama ban ɗauki zancen tafasa ruwan da muhimmanci ba, sai ya ja ni ciki. Likitocin ciwon barci sun sauka a garin a makon, sun ajiye wani madubi na ƙarfe mai ido ɗaya a ɗakinsa. Ya ɗiga ruwan rijiya a kan gilashi ya ce in leƙa.

Na leƙa. Wasu ƙananan abubuwa ne ke iyo, wasu kamar guntun zare, wasu suna juyi a wuri ɗaya.

"Su ne ke shiga cikin yaro," in ji Malam Mikaila. "Duk abin da ya daɗe a jiƙe ba a tafasa ba, suna nan ciki."

Tun daga ƙofar ɗakin magani har gida ba abin da nake gani sai tukunyar Inna. Amidu ya sha daga cikinta. Yusif ma ya sha.

Washegari Inna ta tafi ta'aziyya Kpembe da wasu tsofaffin unguwa. Na shiga ɗakinta na buɗe murfin. Farin kumfa ne a sama, gefen tukunyar kuma ya yi wani kauri mai santsi wanda shekaru suka tara. Na kinkimo ta zuwa tsakar gida. Asana ta saki tsintsiya.

"Malam, don girman Allah ka bari ta dawo."

"In ta dawo ba za ta bari ba."

"Namiji da tukunyar tsami? Me mutane za su ce?"

"Su ce abin da za su ce. Biyu na binne, ba zan binne ta uku ba."

Ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Na zubar da ruwan a bayan danga, na kankare cikin tukunyar da toka da sabulun salo, na ɗauraye da tafasasshen ruwa har sau uku, na kife ta a rana. Na ji daɗi a raina ranar, wannan ba zan ɓoye ba.

Da la'asar Inna ta dawo. Ta ga tukunyar a kife. Ta jingine sandarta, ta durƙusa a hankali, ta juya ta, ta sa hanci.

"Auta, kai ne?"

"Ni ne, Inna. Akwai ƙwayoyin cuta a ciki. Da idona na gani."

"A tukunyata ka gani?"

"A ruwan rijiya na gani."

"To," ta ce. "Ina ka zubar?"

Na nuna mata. Ta je ta tsaya tana duban wurin. Ƙasa ta shanye, kaji sun tone sauran. Ta dawo ta ce wa Asana ta ba ta ruwan alwala, ba ta ƙara ta da zancen ba.

Sahadatu ta warke cikin mako guda. Ko farin maganin ne, ko abin da Inna ta riga ta ba ta, har yau ban sani ba.

Inna ta jiƙa sabon gero ta zuba a tukunyar. Bayan kwana uku ya yi tsami, amma ta shinshina ta ce wannan ruɓa ce. Maƙwabta suka ji labari, kowace ta aiko da nata a moɗa. Ta gode musu, ta sha, ba ta kushe na kowa a gabansa ba. Cikinta ne ya ƙi. Ya kumbura kamar ganga, ta yi kwana huɗu ba ta zaga ba, daga nan kuma gudawa ta ɓalle. In ta ci tuwo sai ya dawo. Kafin wata biyu awarwaron da ke wuyan hannunta yana zamewa har gwiwar hannu, ta daina daka, ta fara sallah a zaune.

Na koma wurin Malam Mikaila na gaya masa duk abin da na yi. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Malam Zuberu, ruwan rijiya na ce ka tafasa."

"Ka ce duk abin da ya daɗe a jiƙe."

"Na faɗa, amma ban gama zancen ba. Ba dukansu ne mugaye ba. Wani likita da na yi aiki ƙarƙashinsa a Kumasi ya taɓa ce mini cikin mutum kamar zango ne, cike yake da waɗannan halittu. Akwai ɓarayi a cikinsu, akwai kuma masu aiki, su ke taya hanji narka abinci, su ke hana ɓarayin wurin zama. In mutum ya tsufa sai masu aikin su riƙa raguwa. Ya ce a wata ƙasa can akwai tsofaffi masu shan nono mai tsami kullum, suna daɗewa ƙwarai, wasu likitoci na zaton abin da ke cikin tsamin ne."

"Kenan tukunyar ce ke riƙe da ita?"

"Ban sani ba. Shi ma likitan zato ya ce. Tsohuwa ce, watakila lokacin ne kawai ya zo daidai. Watakila kuma baƙin ciki ne."

"Akwai maganin da ke mayar da su?"

"Ba a kwalabena ba."

A hanyar gida na tuna al'adar gidanmu. Duk 'yar da aka aurar, Inna kan ba ta ludayi ɗaya na iri a cikin kayanta. Yaya Asiatu ta tafi da nata Yendi tun ina yaro. Na bar rumfa a hannun maƙwabcina, na gaya wa Inna inda za ni.

"Ka zauna ka sayar da doyarka," ta ce.

"Kwana shida ne, Inna."

"Tun kana ƙarami ba ka iya zama ba. In za ka, ka kai wa yayarka goro."

Motoci sun yi wuya a shekarar, soja sun kwashe masu kyau. Sai da na yi kwana huɗu kafin na isa Yendi. Na sami Yaya Asiatu a zaure tana tsinke daddawa, ita ma ta tsufa, idonta ɗaya ya yi fari. Ta saurare ni har na gama.

"Da sabulu?" ta ce.

"Da sabulu da toka."

"Allah ya shirye ka, Zuberu. Da hannunka na namiji." Ta goge idonta da gefen mayafi. "Ba ni da shi. Shekarar babbar mura, bayan Jamus sun bar garin nan, duk gidan muka kwanta. Kwana goma sha biyu ba wanda ya iya ɗaga murfi. Da na tashi na tarar ya mutu, ya yi baƙi. Ban taɓa gaya wa Inna ba, kai ma kada ka gaya mata."

Sai ta ce kafin murar ta aurar da babbar 'yarta Rashidatu zuwa Bawku, kuma ta ba ta ludayinta. Ko tana riƙe da shi, Allah ne masani.

Ban yi niyyar wuce Yendi ba, kuma a raina ina lissafin kwanakin da na bar Sahadatu ba na ganin abin da take sha. Amma na bi wasu dillalan shanu da za su arewa. Muka bi ta Gushegu a ƙasa, muka gangara tsaunin Gambaga cikin ruwan sama, muka jira kwale-kwale kwana guda don kogi ya cika. A rana ta tara muka shiga Bawku.

Mijin Rashidatu, Sidiku, dillalin shanu ne, ya karɓe ni da kyau ya yanka zabo. Ita kuwa ban ko gama gaisuwa ba na tambaye ta iri. Ta yi dariya, ta kai ni bayan ɗakin girki. Tukunya ce ja, ba irin tamu ba. Ta buɗe, ƙamshin ya daki hancina, na zauna a kan turmi.

"Kawu, lafiya?"

"Shi ne?"

"Shi ne wanda Mma ta ba ni. Ko haihuwa na yi sai na sa an kula da shi."

Ta zuba mini a gora ta koya mini yadda ake tafiya da shi. Kada in toshe bakin da ƙarfi, zai fasa gorar. Kada rana ta taɓa shi, in naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Kowace safiya in zubar da rabi in ƙara sabon ƙullu da ruwa, domin abu ne mai rai, yunwa na kashe shi. Ta ɗaura mini gero a tsumma. Sidiku na tsaye yana kallonmu.

"Kawu, daga Salaga har Bawku saboda ruwan koko?" ya ce. "Da saniya ka zo nema da na fahimta."

"Rabu da shi, Kawu," in ji Rashidatu. "Shi da yake shanye rabin tukunyar kullum."

Na sami motar hatsi mai zuwa Tamale. Duk zangon da muka tsaya sai in shiga gida in yi sallama in roƙi aron dutsen niƙa. Mata su taru suna kallon mutum mai furfura a gemu ya durƙusa yana niƙa, wasu su yi dariya a bayan mayafi, wasu su tausaya su karɓa su niƙa mini. A Savelugu motar ta lalace, muka yi kwana biyu. Direban ya sa mini suna Mai Jego, don ko sallah zan yi sai na sami wanda zai riƙe mini gorar a inuwa. Ban ji haushi ba. In na kara kunnena a bakinta ina jin tana ƙaramar ƙara kamar ta tafasa, in ji raina ya kwanta.

Kwana ashirin da uku na yi a tafiyar da na ce shida. Sahadatu ta tarye ni a ƙofar gida da gudu, lafiyarta lau. Asana kuwa ta nuna mini ɗakin Inna da haɓa.

Inna ta ƙara ƙanƙancewa. Tana kwance a tabarma, fatar hannunta ta saki. Asana ta tallafe ta ta zaunar, na tsiyaya ruwan a moɗarta na miƙa da hannu biyu. Ta shinshina. Ta kurɓa kaɗan ta riƙe a baki kafin ta haɗiye.

"Na wa ne?"

"Na Rashidatu, Inna. Naki ne, wanda kika ba Yaya."

"Har Bawku ka je? Na Asiatu fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Ta kashe shi ke nan. Na sani tun da ta daina yi mini zancensa." Ta sake kurɓa. "Wannan jikan nawa ne, Auta, ba nawa ba ne. Shekara kusan talatin yana shan ruwan Bawku yana cin geron ƙasar Kusasi. Mutum ma in ya yi haka a wani gari ai bakinsa ya sauya."

"Amma za ki sha?"

"Ka sha wahala. Zan sha."

Kwana biyu ya zauna mata. Ta ci loma uku ta tuwo ranar farko, rana ta biyu har ta ce a fito da ita ƙofar ɗaki ta ga rana. Sahadatu ta zo ta zauna kusa da ita.

"Kaka, kin zama ƙarama. Na kusa fin ki."

"Ki fi ni ɗin. Sai ki riƙa goya ni zuwa kasuwa."

"Kin yi nauyi."

"Gwada ki gani, maƙaryaciya."

Na je kasuwa ranar ina gaya wa kowa Inna ta samu sauƙi. Rana ta uku cikin ya sake kumbura, abin da ta ci ya dawo, gudawar ta dawo fiye da da. Muka ci gaba da ba ta har kwana goma. Asana ta gwada da geron Salaga, ta gwada da ruwan sama, ta gwada a tsohuwar tukunyar, ta gwada a sabuwa. Ba abin da ya sauya.

Wata safiya na zauna a bakin tabarmarta na ba ta labarin abin da Malam Mikaila ya faɗa, na zangon da ke cikin mutum da masu aikin da ke ciki. Ina son ta san dalilin da ya sa na dage. Ta saurara idonta a rufe, har ta yi murmushi.

"To ai sun tashi, Auta. Wata uku ba a kawo musu abinci ba, wa zai zauna? Baƙin da ka kawo sun leƙa sun ga kango, sun wuce."

"Ki yafe mini, Inna."

"Tsoro ne ya sa ka. Ni ma na binne biyar, na san shi." Ta ture moɗar da bayan hannu. "Ka ce wa Asana ta daina ɓarnar gero. Yau za ka kasuwa?"

"Zan je."

"Ka biya wurin Sayibu mai yadi ka yanko mini alawayyo. Ina so in gani da idona, kada a naɗe ni da abin da ban zaɓa ba."

Na ce ba yanzu ba. Ta ce in ban je ba za ta aiki Asana, kuma abin kunya ne a ce suruka ce ta saya. Na tashi na tafi. Sayibu bai tambaye ni na wa ba ne, ya auna, ya yaga, ya ninke, ya ce Allah ya sa a daɗe ba a buɗe ba. Na kawo mata da azahar. Ta sa Asana ta jingine ta da bango, ta murza yadin tsakanin yatsu, ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa, sannan ta shiga aunawa da hannunta daga gwiwa zuwa yatsa. Sau biyu tana tsayawa ta huta. Da ta kai ƙarshe ta dube ni.

"Saura kamu ɗaya da rabi. Ba ka duba ba da yana aunawa?"

"Ban duba ba, Inna."

"Koma ka ce ni na aiko ka."

Na ninke yadin na sa a hammata, na sa takalmina, na koma kasuwa.